Kifi Na Ganinka: Laifin Barakuda Ne Ko Na Mai Nutso?

Masu iya magana na cewa, kifi na ganinka mai jar koma. Da wuya a sami kifin da wannan magana ta dace da shi kamar barakuda, wani dogon kifin teku mai farin jiki kamar azurfa, wanda ke zaune a ruwan ɗumi na yankunan zafi. Sai dai shi ba mai koma kaɗai yake gani ba. Duk wanda ya shiga ruwan da yake, ko mai nutso ne da ya goya tulun iska a baya, ko mai iyo ne a saman ruwa da ɗan bututun numfashi a baki, to barakuda kan taso ya tsaya daga nesa kaɗan ya zuba masa ido. In mutum ya yi gaba ya bi shi, in ya tsaya shi ma ya tsaya. Wannan hali ya jawo masa baƙin jini ƙwarai, har wasu suna yi masa laƙabi da damisar teku. Alhali kuwa in aka zauna aka auna abin da masana suka tattara a kansa, za a tarar hukuncin da aka yanke masa an yi shi ne bisa kamannin fuska, ba bisa shaida ba.

Tun daga 1943, lokacin da Faransawan nan biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum damar numfashi a ƙarƙashin ruwa daga tulun iska, shiga teku ya tashi daga sana'ar 'yan kaɗan ya zama abin shaƙatawa. A yau miliyoyin mutane ne ke zuwa kallon duwatsun murjani a tsibiran kudancin Fulorida ta Amurka, da tsibiran Bahamas, da sauran Tekun Karibiyan, da Bahar Maliya. Kusan duk waɗannan wurare gidan babban barakuda ne, wanda masana ke kira Sphyraena barracuda, ɗaya daga cikin manyan danginsa masu iri fiye da 20. Saboda haka haɗuwar mutum da shi ba abin mamaki ba ce, aba ce da ke faruwa kullum ta Allah.

Gaskiya ne fuskarsa ba ta taimake shi ba. Mai karatun da ya san tsage na kogin Kwara ko Binuwai, to ya ƙiyasta irin wannan baki a jikin kifi siriri kamar mashi, wanda tsawonsa kan kai mita ɗaya, manya kuma su kai mita ɗaya da rabi ko su haura. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya ɗara na sama tsawo, shi ya sa ko bakin a rufe yake sai ya yi kamar mai murtuke fuska. A sama yana da jeri biyu na haƙora: ƙanana masu kaifi kamar reza daga waje, da dogayen fiƙoƙi daga ciki. Akwai ramuka a muƙamuƙin da haƙoran ɗaya ɓangaren ke shiga, don bakin ya rufu sosai. A wani bincike da Justin Grubich da abokan aikinsa suka buga a 2008, an nuna yadda yake aiki da wannan baki: ya kan daki kifi da gudu, ya tura shi can kusurwar muƙamuƙi inda ƙarfin cizo ya fi yawa, sa'an nan ya girgiza kai, haƙoran sama da na ƙasa su yi aikin almakashi su raba kifin biyu. Ba wanda zai ga wannan ya ce wasa ne.

To amma a dubi abubuwan da ke tsorata mai nutso ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne girma. Baƙon teku kan fito ya rantse cewa kifin da ya bi shi ya kai tsawon mutum, kuma har ya kusa taɓa shi. Ba ƙarya yake yi ba, idonsa ne aka yaudara. Haske kan karkace sa'ad da ya fito daga ruwa ya ratsa gilashin da mai nutso ya rufe fuska da shi ya shiga iskar da ke ciki. Ɗaliban kimiyya sun san wannan daga sandar da ake tsomawa a bokiti ta yi kamar ta karye. Sakamakon haka duk abin da ke cikin ruwa sai ya ƙara girma da kamar kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Kifi mai mita ɗaya da ke nisan mita 4 sai ya bayyana kamar mai mita ɗaya da sulusi a nisan mita 3. In aka haɗa da faɗuwar gaba, sauran kuma sai abin da baki ya ƙara.

Na biyu shi ne yadda yake buɗe baki yana rufewa a hankali, haƙora a waje, yana duban mutum. Wanda ya saba da kare zai ɗauka gargaɗi ne. Numfashi ne kawai. Kifin da ke tsaye wuri ɗaya dole ya riƙa zuƙar ruwa ta baki yana fitar da shi ta gaɓoɓin numfashi da ke gefen kansa, in ba haka ba ya shaƙe. Karfasa ma haka take yi a tafki, sai dai ita ba ta da fiƙoƙin da za a gani. Wani lokaci ma ya kan je ya tsaya a kan dutsen murjani ya wangale baki, wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye su shiga suna tsince masa ƙwari da ragowar abinci daga tsakanin haƙora, su fito lafiya lau. Tsayuwar tasa cak a tsakiyar ruwa kuwa, wadda ke sa a ga kamar shirin kai hari yake yi, aikin wata jakar iska ce da ke cikinsa, wadda ke daidaita nauyinsa da na ruwa har ba ya bukatar motsi don kada ya nutse.

Saura na uku, wanda shi ne ainihin magana: me ya sa yake bin mutum? Jagororin masu nutso kan ce son sani ne ke damunsa. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi hattara da ita, domin ɗora wa dabba halin ɗan Adam hanya ce mai sauƙi ta rufe tambaya ba tare da an amsa ta ba. Bayanin da ya fi ƙarfi yana cikin yadda kifin ke neman abinci. Barakuda da ido yake farauta, kuma ɗan kwanto ne. Babba daga cikinsu yawanci shi kaɗai yake zama, ya sami inuwar jirgin ruwa ko ƙarƙashin gada ko gefen dutse ya laɓe, yana jiran ƙaramin kifi ya yi sake. Babbar halitta mai tafiya a cikin ruwa kuwa tana tarwatsa ƙananan kifaye daga maɓoyarsu, in kuma mafarauciya ce ta kan bar ragowa. Wanda ya ga yadda balbela ke bin garken shanu ba zai ce son sanin saniya take yi ba. Farin da kofato ke tayarwa take nema. Mai nutso, da tsawonsa da ƙafafun roba da kumfar da yake fitarwa, a wurin barakuda wata babbar dabba ce da ta cancanci a bi ta a ga abin da zai faɗo.

Akwai kuma hujjar da hankali kaɗai ya isa ya kawo. An daɗe ana rubuta cewa gudun barakuda ya kai kilomita 43 a awa, bisa wani awo na shekarun 1950. Wani bincike na 2016, wanda ya auna saurin motsin tsokar kifin, ya rage wannan adadi zuwa kamar mita 6 a daƙiƙa, watau wajen kilomita 22 a awa. Ko da an ɗauki ƙaramin adadin, gwanin iyo na duniya bai wuce mita 2 da 'yan kai a daƙiƙa ba, shi ma a ɗan gajeren zango, balle mai goye da tulun ƙarfe. Ashe ke nan da barakuda na nufin cin mutum, ba zai ɓata minti goma yana rakiya ba. Harinsa kamar walƙiya yake, kifin da ya nufa ba ya ganin zuwansa. Barakudan da mutum ya gani yana binsa a hankali, ya riga ya dube shi sarai ya gane ba abincinsa ba ne.

Tarihi ma ya goyi bayan wannan. Donald de Sylva na Jami'ar Mayami, wanda ya buga babban nazari a kan rayuwar wannan kifi a 1963, ya bi diddigin labaran cizon da ake jingina masa, kuma abin da masana suka tsaya a kai tun daga lokacin shi ne cizon barakuda abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Labaran da ake ta maimaitawa 'yan kaɗan ne. Akwai mutuwar da aka jingina masa a Key West a 1947, da wata a gaɓar Karolina ta Arewa a 1957. Akwai mai nutson da ya ciza sau biyu a gaɓar Pompano ta Fulorida a 1960, har aka yi masa ɗinki 31. Abin lura shi ne tsufan waɗannan shekaru. Yawan masu shiga ruwan Fulorida ya ninka sau da dama tun daga wancan zamani, amma har yanzu in za a ba da misalin kisa sai an koma shekara sittin da wani abu baya.

Duk da haka, masu cewa barakuda ba ya cutarwa ko kaɗan su ma sun yi kuskure, kuma kuskurensu ya fi na matsorata haɗari. Yana cizo, cizon kuma kan yanke jijiya da tsoka, ya zubar da jini mai yawa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne a wane hali yake cizon, domin ruwa ba ya tsami banza.

Hali na farko shi ne ruwa mai gurɓata, inda ido ba ya gani da nisa. Abincin barakuda ƙananan kifaye ne masu farin jiki, waɗanda ke ƙyalli in sun juya a cikin hasken rana, kuma wannan ƙyalli ne ke sa shi ya zabura. Masunta sun san haka, shi ya sa suke jan ƙugiya da ɗan ƙarfe mai walƙiya su kama shi ba tare da tsutsa ko nama ba. A ruwa mai haske yana ganin zobe, yana kuma ganin hannun da ke sanye da shi da mutumin da ke da hannun. A ruwa mai laka, ko da almuru, ƙyallin kaɗai yake gani. Daga nan shawarar da ake ba masu iyo ta samo asali, cewa su cire agogo da sarƙa da zobe kafin su shiga. Shawara ce mai kyau, tun da cire zobe ba ya cin kuɗi. Amma an zuzuta ta fiye da kima, domin kowane mai nutso yana ɗauke da ƙarafa masu ƙyalli a na'urar numfashinsa da maɗauran kayansa, dubbai kuma na shiga da su kowace rana su fito ba ko ƙwarzane. Irin wannan cizo na kuskure yawanci sau ɗaya ne, kifin ya ji ba abin da ya zata ba ne ya saki ya tafi.

Hali na biyu ya fi na farko yawa, shi ne na masu farautar kifi da bindigar mashi. Kifin da aka soka yana zubar da jini yana fizge-fizge, barakuda kuma na jin wannan motsi ta wani layin gaɓoɓin ji da ke gefen jikinsa tun kafin ya gani. In maharbi ya riƙe kifin a hannu ko ya ɗaure shi a ƙugu, ya haɗa jikinsa da abincin wani. A nan ba za a ce barakuda ya yi kuskure ba. Abincinsa ya nufa, hannu ne ya shiga tsakani.

Hali na uku shi ne wanda ya fi cancantar zargi, domin mutum ne ya ƙirƙire shi da gangan, kuma don kuɗi. Shekaru da dama wasu masu kai baƙi kallon murjani sun mai da ciyar da kifi abin jan kasuwa. A kan riƙe ɗan kifi a hannu, wasu ma a baki, barakuda ya zo ya fizge, baƙi su ɗauki hoto su yi tafi. Kifi ba wawa ba ne, yana koyo. Wanda aka saba ba shi abinci daga hannun mutum ya daina tsayawa daga nesa. Da ya ji ƙarar injin jirgi sai ya taso, da ya ga hannu ya miƙe sai ya nufe shi. Mai ciyarwar ya san lokacin da zai janye yatsunsa. Yarinyar da za ta zo washegari da bututun numfashi, ta miƙa hannu tana nuna wa mahaifinta wani kifi mai launi, ita ba ta sani ba. In aka cije ta sai jaridu su rubuta cewa mugun kifi ya kai hari, ba wanda zai ambaci wanda ya koya masa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Hukumar kula da kifi da namun daji ta Fulorida ta yi daidai da ta hana masu nutso da masu iyo ciyar da halittun teku a ruwan jihar, dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2002. Rigimar ciyar da kifin shak ce ta haifar da ita, amma ta shafi barakuda da sauran kifaye. Masu adawa sun ce ciyarwa na sa mutane su so halittun teku su daina tsoronsu. Amsar ita ce dabbar da aka mayar maroƙiya ba ita ce baƙo ya biya kuɗi ya zo gani ba, kuma rashin tsoron da aka saya da yatsun wani ba riba ba ce.

Inda ba a lalata shi da ciyarwa ba, ladabin zama da barakuda ba shi da wuya. Mutum ya ci gaba da tafiyarsa a natse, kada ya riƙa dukan ruwa, kada ya bi shi ko ya matse shi a lungu, kada ya miƙa masa hannu. Sau da yawa in mai nutso ya juyo ya fuskance shi ya matso a hankali, kifin ne ke ja da baya, ya koma ya tsaya a tazarar da ya zaɓa. A tsibirin Sipadan na Maleshiya akwai wurin nutso da aka sa wa sunan barakuda, inda ɗaruruwan wani iri dabam na wannan dangi ke taruwa suna kewaya kamar guguwa. Mutane na tahowa daga ko'ina a duniya don su shiga tsakiyar wannan da'ira, kifayen kuma su buɗe musu hanya su rufe a bayansu.

Abin ban mamaki shi ne barakuda na kwantar da mutane da yawa a asibiti kowace shekara, amma ba da haƙoransa ba. A cikin kwano yake yin wannan ɓarna. Akwai wata cuta da ake kira siguwatera, sunan da ya fito daga Kyuba, wadda ake ɗauka daga cin kifin yankin murjani. An daɗe ba a san tushenta ba, sai a 1977 Takeshi Yasumoto na Japan da Raymond Bagnis na Faransa da abokan aikinsu suka gano shi a tsibiran Gambier na Tekun Fasifik. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, wadda aka raɗa wa suna Gambierdiscus toxicus a 1979, tana manne a jikin ciyawar teku da ke tsirowa a kan murjani. Ƙananan kifaye masu cin ciyawa su haɗiye ta, manya su ci ƙananan, gubar kuma ba ta fita daga jiki, sai dai ta yi ta taruwa daga mataki zuwa mataki. Barakuda na can ƙololuwar wannan tsani, kuma yana iya rayuwa har shekara 14 yana tarawa. Gwargwadon girmansa, gwargwadon haɗarinsa, musamman hanta da kai da ƙwai da kayan ciki.

Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sauya kamannin nama. Dafuwa ba ta kashe ta, haka suya, haka ƙanƙara, haka gishiri. Tana aiki ne a kan jijiyoyi, inda take buɗe ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ta hana su rufuwa, sai jijiya ta yi ta aika saƙon ƙarya. Bayan 'yan sa'o'i mutum ya fara amai da gudawa, sa'an nan leɓe da yatsu su riƙa tsira, jiki ya yi ƙaiƙayi, bugun zuciya ya ragu, wasu su ji kamar haƙoransu za su zube. Alamar da ta fi shahara ita ce ruwan sanyi ya riƙa ƙona hannu kamar wuta. Ba kasafai take kisa ba, amma ba ta da makari, kuma ta kan ɗauki makonni ko watanni kafin ta saki mutum. Dabarun gargajiya na tsibiran, irin su ɗora kuɗin azurfa a kan naman a ga ko zai yi baƙi, ko a ga ko ƙuda zai sauka a kai, an gwada su an tarar ba abin dogara ba ne. Ana ƙiyasta cewa mutum 10,000 zuwa 50,000 ke kamuwa da siguwatera a duniya kowace shekara, daga kifaye iri-iri, barakuda kuma na sahun gaba. Shi ya sa birnin Mayami da tsibirin Puerto Rico suka hana sayar da shi. Matsalar ta fi tsanani a Karibiyan da kudancin Fulorida da tsibiran Fasifik da Tekun Indiya. Wanda ake kamawa a gaɓar Afirka ta Yamma ana ƙyafewa don miya, Sphyraena afra, wani iri ne dabam. A ajiye waɗannan dubbai a gefe ɗaya, a ajiye 'yan labaran cizo a ɗaya gefen, sai a ga inda tsoro ya kamata ya koma.

A kudancin Fulorida kuwa, daga baya kukan da masu nutso suka riƙa kai wa hukuma ba na cizo ba ne. Cewa suka yi barakuda ya fara wuyar gani. Su da masunta sun lura cewa wuraren da a da ba a rasa manya a ƙarƙashin kowane jirgi sun zama fayau, kuma har zuwa lokacin ba wata doka ta musamman da ta taƙaita kamunsa. Kifi ne da macensa ba ta fara ƙwai sai ta kai shekara 3 zuwa 4, 'ya'yansa kuma na girma ne a cikin ciyawar teku da saiwoyin itatuwan bakin gaɓa, wuraren da gine-gine ke cinyewa. A watan Nuwamban 2015 hukumar jihar ta ƙayyade cewa a gundumomi shida na kudu mutum ba zai kama fiye da barakuda 2 a rana ba, jirgi kuma ba zai wuce 6 ba. A 2017 ta ƙara da iyakar tsawo: daga inci 15 zuwa 36 ake ɗauka, wanda ya haura haka kuwa ɗaya tak aka yarda wa kowane jirgi, sauran a mayar da su ruwa.